Tsohon da ke Tankaɗen Toka

Ana ta yayatawa a Wurno wai wani tsoho daga Kwargaba ya bar cin tuwo, toka yake sha. Zuwaira, 'yar kawuna, ta rantse buhu biyu yake shanyewa kafin azahar. Ƙarya ce, jama'a! Na gan shi da idona bayan gidan burodi, magini ne.

Ga shi a tsugune, hularsa ta yi fari fat, girarsa kamar an barbaɗa mata garin dawa. Yana tankaɗe tokar itace da rariyar da na tabbata daga ɗakin matarsa ya sato ta. Gawayi gefe, tsohuwar ƙusa gefe. Sai ya murza tokar tsakanin yatsu, ya kai ta kunne kamar mai sauraron ta.

Hannun nan ya tuna mini da kakanmu, zamanin da ake shafe katanga da makuba, gida ya ɗauki ƙamshi bayan ruwan farko. Mai burodi ya ce ɗakin da mahaifin tsohon ya gina ne ya tsage. Simintinsa ba zai kai ba, shi ya sa yake ƙara masa toka kaɗan, don ɗakin ya tsallake daminar bana.

Na ce, "Baba, in ruwa ya sauko, ai sai mata su zo da ƙwarya su tari ruwan tokar miya!"

Ya zaro ɗan bulon da ya yi gwaji da shi, ya miƙo mini.

"Ungo, ɗana. Buga shi ga goshinka, mu ga mi za ya hwara hwashewa."