Kawu Lasifika da Na'urar Haɓa

Kawuna mai aski ne, amma 'yan layinsu Lasifika suke kiransa. In waya ta shigo, sai ya bar mutum da rabin aski a kan kujera, ya fita bakin ƙofa yana faɗin, "Ranka ya daɗe, ai na riga na gaya wa darakta!" Har mai facin taya na ƙarshen layi ya san kawu yana hulɗa da manya.

Da maƙogwaronsa ya kumbura, likita ya hana shi ɗaga murya, sai babbar 'yarsa ta sayo masa wata 'yar na'ura da ake mannawa a ƙarƙashin haɓa. Baki kawai za ka motsa, wanda ka kira ya ji ka raɗau, na kusa da kai kuwa bai ji komai ba.

Layi ya huta, kawu ya rame. Sai ya tsaya a bakin ƙofa yana motsa baki kamar akuya tana tuƙa, ba mai waiwayowa.

Rannan ya gama waya, ya dubi masu jiran aski a benci, murya a dishe ya ce, "Kun san da wa na yi magana yanzu?"

"Da surukarka," in ji wani dattijo. "Mun ga ka rusuna."

Washegari ya ce na'urar tana sa masa ƙaiƙayi. 'Yarsa ta karɓa ta ba uwarta. Yanzu matar kawu tana yini a gabansa tana motsa baki tana murmushi, shi kuwa yana ta kasa kunne a banza.