Idwal Mai Duba Cikin Kifi

Duk wanda ya taɓa jefa fatsa a kogin Gwenlas ya san Idwal Puw. Ko dai ya sha faɗansa, ko ya sha shayinsa, galibi ma duka biyun a yini ɗaya. Tun yana saurayi ƙungiyar masu fatsa ta garinmu, can cikin tsaunukan Wales, ta ɗauke shi gadin kogin, kuma a bakin ruwan nan furfura ta same shi. Gajere ne kakkaura, da hular ulu wadda ba ya cirewa sai a coci. Marigayiya matarsa takan ce ita dai rabin miji ta samu, ɗaya rabin yana cikin ruwa.

Aikinsa sare rassan da suka toshe ruwa, gyaran gaɓa, korar ɓarayin kifi, da raka baƙin da ke zuwa kamun turawut, kifin nan mai jajayen ɗigo a jiki. Amma abin da aka fi saninsa da shi wani siririn cokali ne mai dogon wuya, irin wanda mutanen da ke zaƙulo ɓargo da shi. Da zarar baƙo ya kama kifin farko ya kashe, Idwal zai zura cokalin ta baki har ciki, ya murɗa, ya zaro, ya juye abin da ya fito a farin murfin kwano da ɗan ruwa. Sai ya tsuguna ya ƙura ido kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa.

A watan Afrilu ƙananan tsutsotsin ƙarƙashin dutse yake samu. A Mayu sai ƙwari masu fiffike da ke ƙyanƙyashewa a saman ruwa. Akwai wata tsutsa mai gina wa kanta gida da yashi, kifi ya haɗiye ta har gidan. In zafi ya yi kuma, tururuwa da fara waɗanda iska ta jefo. Abin da ya gani a murfin, irinsa zai zaɓo daga ƙwarin ƙarya da yake ɗaurawa da zare da gashin zakara, ya maƙala wa baƙon a fatsa. In mutum ya nace sai ya yi amfani da nasa mai ƙyalƙyali na kanti, Idwal ya taɓe baki ya ce, "Shi yau baƙin ƙwaro yake ci, kai kana miƙa masa kayan adon Kirsimeti. To, jefa mu gani."

'Ya ɗaya gare shi, Nesta, tana auren Tudur, makiyayin tumaki a gonar haya can saman kwari, inda wani ɗan rafi ke gangarowa ya faɗa kogin. Kowace Lahadi bayan coci Idwal yakan hau tudun ya ci naman rago da dankali a gidansu. Tudur mutum ne mai barkwanci, "sarkin tsutsa" yake kiran surukin nasa, shi kuma ya rama da cewa ko kunnensa ya toshe yana gane isowar Tudur ta warin ulu. Suna ƙaunar juna, kowa ya shaida.

Wata safiya a ƙarshen Yuli wani baƙo ya kama kifi cikinsa tim. Idwal ya zura cokali, ya juye, ya tsuguna ya duba. Tsutsotsi ne fal, kowane iri, har da waɗanda ba sa barin ƙarƙashin dutse, duk a cakuɗe. Baƙon sai murna yake, wai kifi na cin abinci yau. Idwal kuwa ya san turawut mai zaɓen abinci ne, iri guda yake bi a lokaci guda. Wannan kifin ba farauta ya yi ba, gawawwaki ruwa ya kawo masa ya kwashe.

Ba a jima ba cikin kifayen ya koma wayam, in an yi sa'a a ga tururuwa ɗaya ko guntun tana. Tsattsewar da ke shawagi a kan ruwa da yamma ta ƙaurace. Idwal ya kama hanya yana bin kogin sama, yana birkice duwatsu. Kowane dutse tas, kamar an wanke kwano. Da ya wuce inda ɗan rafin nan ke shigowa, sai ga duwatsu cike da rai kamar kullum. Ruwa ba ya tsami banza. Ya daɗe tsaye yana kallon rafin, don ya san gona ɗaya ce tak a kansa.

Abin da ya faru ba ɓoyayye ba ne a wurinsa. Sau biyu a shekara ake yi wa tumaki wankan magani saboda ƙazuwa da tsutsar ƙuda: a tsoma kowace a rami har kai, a fito da ita. Tun zamanin kakan Tudur, da an gama ake kora su ta mashigin rafin su koma tsauni jiƙe sharkaf. Tsohon maganin shi ya nakasa mahaifin Tudur, ya bar shi da rawar hannu da ciwon kai har ya mutu. Don haka da aka kawo sabo, aka ce ba ya cutar mutum, Tudur ya karɓa hannu bibbiyu, kuma wa zai ga laifinsa? Sai dai sabon nan, ɗigo kaɗan ya isa ya kashe ƙwarin ruwa na tafiya mai nisa.

Idwal ya same shi a garke yana gyaran shinge, ya faɗa masa abin da ya gani, a hankali, yana zaɓen kalmomi, abin da ba halinsa ba. Tudur ya yi dariya tukuna, da ya ga fuskar tsohon sai dariyar ta ɗauke.

"Tsutsa, Baba? Saboda tsutsa ka hawo tudun nan ranar Talata?"

"Abincin kifi ce. In babu ita babu kifi, in babu kifi kogin ya zama kwata."

"Tumakin nan kuma abincin jikokinka ne."

Tudur ya ce ba shi da filin da zai tsare su har su bushe, zagayawa ta gada kuwa tafiyar rabin yini ce a kan titin mota. Idwal ya ce shi zai taya shi korar da ƙafarsa in wankan Oktoba ya zo. Tudur ya ce to, irin "to" ɗin da ake sallamar mai talla da shi.

Nesta ta biyo mahaifinta har ƙofar gona. Ta tuna masa cewa gonar ba tasu ba ce, mai ƙasar kuma ɗan ƙungiyar masu fatsa ne, in maganar nan ta kai kotu ba zai sabunta musu haya ba. Ta riƙe hannun rigarsa ta ce, "Baba, hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar."

Haka ya yi shiru har ƙarshen zafi. Kai, mutumin nan ya sha wuya! Shugabannin ƙungiya suka tambaye shi me ya sami kogin, ya ce yana dubawa. Shi da bai iya ƙarya ko ta wasa ba, sai ga shi yana sunkuyar da kai gaban mutanen da ya girme wa. Kifayen suka rame, kai ƙato jiki kamar tsinke, shi ma ya rame tare da su. Ran Lahadi yakan je ya zauna, ya tashi bai taɓa naman ba. Gaba kura, baya sayaki. Abin da ya riƙe shi kawai shi ne ƙwarin da suka rage a saman kogin: in aka bar ruwan ya huta, za su gangaro su sake cika shi.

Ranar wankan Oktoba ya ɗauki sanda da karensa ya hau tudun da safe don korar da ya yi alkawari. Tun daga nesa ya ji kukan tumaki ba a inda ya zata ba. Tudur ya riga shi. Garken ne a tsakiyar mashigi, ruwan magani na zuba daga ulu, rafin ya yi fari-fari kamar an zuba madara. Tudur ya hango shi, ya kau da kai ya ci gaba da yi wa kare fito.

Idwal bai ƙarasa ba. Ya juya ya gangaro har ɗakin waya na bakin coci, ya kira hukumar kula da koguna. Matar da ta ɗauka ta ce ba dole ne ya faɗi sunansa ba. Ya faɗa, har da sunan gonar, har da cewa mai hayar gonar surukinsa ne.

Abin da Nesta ta faɗa shi ya faru. Kotu ta ci Tudur tara, mai ƙasa ya karɓe gonarsa, suka koma cikin gari, Tudur ya zama direban motar abincin dabbobi. Garinmu ya rabu biyu, har yau ma in kana son shayi ya huce a kofi, ta da maganar nan. Masu cewa ya yi daidai ba su ne suka rasa 'ya ba, masu zaginsa kuma ba su taɓa ɗaga dutse ɗaya a kogi ba. Shi dai bai kare kansa gaban kowa ba. Ya ci gaba da aikinsa, kuma bayan 'yan shekaru ƙwarin suka dawo, kifi ya yi ƙiba, baƙi suka cika gaɓa suna yaba masa.

Wata ranar kasuwa ya yi kiciɓis da Nesta a bakin shagon burodi, babu hanyar kauce wa juna. Ya cire hula, ya kira sunanta ya tambayi yara da yarensu na gida, yaren Wales, wanda ya koya mata tun tana rarrafe. Ta tsaya, ta dube shi babu fushi a fuskarta, ta amsa masa da Turanci, irin wanda ake yi wa baƙo mai tambayar hanya.

"Suna lafiya, Mista Puw. Na gode."

Ta gyara jakarta ta wuce. Ya daɗe a wurin da hula a hannu, har mai burodi ya leƙo ya tambaye shi ko yana son wani abu.