Inda Alkasum Ke Tuɓe Takalmi

Duk baƙon da ya sauka Agadas a farkon mulkin kai, hannun Alkasum ake damƙa shi. Tsohon maƙerin azurfa ne ɗan unguwar Dagmanet, da idonsa ya yi rauni sai ya koma zagayawa da baƙi. Yakan hau da su hasumiyar babban masallaci, ya nuna musu ƙofar Sarkin Abzin, sannan tsohon barikin sojan Faransa.

A kan hanyar barikin akwai wani fili, ba gini, ba itace. Nan Alkasum ke tuɓe takalmi, ya ratsa yana addu'a, komai zafin rairayi. A nan aka harbe mahaifinsa shekarar yaƙin Kawsan, lokacin da mutanen Abzin suka yi wa Faransa bore.

Wata rana wani ma'aikaci mai suna Yahaya ya zo daga Yamai don rubuta wuraren da za a riƙa kai baƙi. Ya rubuta hasumiya, ya rubuta bariki har da tsawon bangonsa, sai ka ce bangon ya taɓa yi wa wani alheri. Da suka iso filin, Alkasum ya gaya masa labarin, ya ce, "Malam, sa wannan ma."

Yahaya ya duba gabas, ya duba yamma. "Allah ya ji ƙansa, Baba. Amma me baƙo zai gani a nan?"

Alkasum ya ɗaga hannu zai nuna, ya rasa abin nunawa. Ko kabari babu. Yahaya ya rufe littafinsa, ya ratsa filin da takalminsa, tsohon na biye da shi, nasa a hannu.