Rigar Zakarun Suwizalan

A ƙarshen shekarun casa'in, lokacin da muke zaune a Guangzhou kusa da titin Liuhua, babban burina shi ne kada a kalle ni. Ni kaɗai ce baƙar fata a ajinmu. Na ƙware wajen tafiya a jikin bango, kujerata kuma tana can baya kusa da tsintsiya da bokiti. Ina cikin wannan rufin asiri ƙwallon Suwizalan ta shigo gidanmu.

Baba takalma yake saye a kasuwar Zhanxi yana aikawa Kano. Bai taɓa damuwa da ƙwallo ba sai da ɗan ƙanwarsa, wanda muke kira Yaya, ya samu kulob a babban rukunin ƙasar Suwizalan. Daga ranar Baba ya zama masani. Mutumin da bai san mutum nawa ake sawa a fili ba ya fara yi wa alƙalin wasa gyara.

Yaya kan aika kaset ɗin bidiyo Kano, dangi su kalla su kwafa, sannan wani ɗan kasuwa ya taho mana da kwafin cikin jakar yaji da daddawa. Kafin ya iso, wasan ya tsufa, launin ya gudu. Ciyawa ta koma shuɗiya, rigar kulob ɗin kuwa ta zama ruwan lemo mai kashe ido. Abokan Baba su cika falo bayan la'asar, a zuba shayi, a zauna jiran Yaya. Shi kuwa bawan Allah yana kan benci, naɗe cikin bargo kamar mai jego.

"Ga shi can!" in ji Baba, yana nuna gefen talabijin. "Wallahi kunnensa ne!"

"Kunnen ya yi ƙoƙari yau," in ji amininsa, wani Alhaji ɗan Maraɗi da ba ya barin tsokana ta wuce shi.

Da sanyi ya shigo, Yaya ya bugo waya. Layin yana ta tsatsa, abin da Baba ya tsinta shi ne an gama wasanni kuma su ne a saman tebur. Bai jira saura ba. Washegari ya tafi wajen laoban, wato mai shagon da yake yi masa ɗinki, ya ce a yi masa rigunan sanyi irin launin da ya gani a talabijin. Laoban ya ce meyo, babu irin wannan yadi. Baba ya dage har aka nemo. A bayan kowace riga aka rubuta ZAKARU da manyan baƙaƙe. Ya karɓi ɗaya tawa nan take, sauran tulin ya ce za a kai filin jirgi na Baiyun a aika, a raba wa dangi a Kano ranar da hoton kofi ya iso.

"Uwata, zo ki gwada," ya ce, domin sunan mahaifiyarsa gare ni.

Na duba Umma ko za ta cece ni. Ta ce, "Alhaji, wannan ai ko a hazo jirgi zai iya sauka da ita." Baba ya ɗauka yabo ne.

Sanyin Guangzhou mai laima ne, yana shiga ƙashi, ajinmu kuma babu abin ɗumama ɗaki. Dole na sa. Ranar farko mai gadin makaranta ya daina cin taliyarsa ya bi ni da ido. Yara suka jeru a bayana suna haɗa baƙaƙen. Malama, wadda a da sai ta manta ina ajin, ta fara kirana allo kullum. Ina za ta rasa ni?

Muna cikin haka ɗan Maraɗi, wanda yake jin Faransancin masu sharhi a kaset, ya kawo labari. Ashe abin da aka gama zagayen farko ne. A can sai a tafi dogon hutun sanyi, a raba makin kowa biyu a zubar da rabi, sannan na sama su sake karawa a bazara.

"A zubar da rabi?" Baba ya miƙe. "Guminmu? Mutanen da suka iya agogo su kasa lissafi?"

Ɗan Maraɗi ya ce, "Gumin wa, Alhaji? Yaronka ko bargon?"

Daga nan na zama mai bin ƙwallo fiye da kowa a gidan. Ina zama bayan labule ina leƙen kaset, duk ƙwallon da aka zura wa kulob ɗin Yaya sai na yi hamdala a zuci. In sun faɗi, rigar ta mutu. Allah kuwa ya amsa. Bazara ta zo, suka yi ta zamewa, kofi ya tafi wani gari. Baba ya ce ba ya son ganin tulin nan, ya bar wa laoban ya yi yadda ya ga dama da shi.

Na ninke tawa na tura ƙarƙashin gado. Da sanyi ya dawo, Baba ya sa aka zaro ta.

"Riga ba ta buga ƙwallo ba, Uwata. Sabuwa ce fil."

Na sa ta na fita. A bakin titi na hango ruwan lemo a kan keke. Ga wani a jikin mai sayar da gasasshen dankali. Laoban ya zubar da tulin a kasuwar unguwa da araha, iyaye kuma sun wawashe. A ƙofar makaranta mai gadi ma yana cikin tasa, ta ɗame masa ciki. A ajinmu zakarun Suwizalan sun kusa cika layi guda. Malama ta ɗaga kai, ta duba lemo nan, lemo can, ta kira wani yaro allo.

Na wuce kujerata kusa da bokiti na zauna.