Teku Ba Shi da Bango

Ƙanena ya iya ruwa, ni ban iya ba. A bakin kogi ɗaya muka tashi a Yawuri, amma ni ko kwalekwale na shiga sai na runtse ido. Shi kuwa tun yana yaro aka ɗauke shi zuwa Kaduna, ya zama zakara a gasar iyo mai salo huɗu: ka fara da na malam-buɗe-littafi, ka koma rigingine, ka yi na kwaɗo, ka ƙarasa da na gudu. Lambobinsa suna nan rataye a ɗakin Inna.

Iyo ba ya ciyar da mutum a gida, shi ya sa na jawo shi Dubai, inda nake aikin kago, wato loda wa 'yan kasuwa kaya zuwa gida. Na samo masa aikin ceto a tafkin wankan wani otal. Har da fariyata, na ce, "Ga ruwa nan na kawo ka, sai ka gaji." Ashe ma'aikaci ba ya shiga ruwan baƙi sai in wani yana nutsewa. Wuni yake yi a kan doguwar kujera da jar riga, yana kallon masu tumbi suna facal-facal.

Ana nan aka aiko masa daga gida cewa za a zaɓi waɗanda za su wakilci ƙasa. Shekaru sun fara ja, mu duka mun san wannan ce damarsa ta ƙarshe. Kullum da sassafe sai ya hau bas daga unguwarmu ta International City ya tafi teku yin atisaye. Na ce, "To khalas, shi ke nan, ga teku guda, me kuma kake nema?"

Ya ce, "Yaya, teku ba shi da bango."

Ya yi mini bayani. A gasarsu, duk inda salo zai canza sai ka taɓa bango, ka dunƙule, ka tokare shi da ƙafa ka harba. Nan ake ci, nan ake faɗuwa. Ƙarfi yana da shi, juyin ne yake tsatsa.

Wallahi na yi yawo. Tafkunan horo na masu rajista ne, lokacinsu kuma ya ci karo da aikinsa. Wani Alhaji ɗan Kano da nake yi wa lodi ya ce otal ɗin da ya sauka a unguwar Al Rigga akwai tafki a sama, mu zo a matsayin baƙinsa. Muka hau da murna, muka tarar da wani abu mai siffar wake, ruwan iya cibiya. Ƙanena ya yi dariya har da riƙe ciki. Ni ban ga abin dariya ba, kuka ne ya zo mini.

Daga nan ya koma kwanciya a katifa yana tokarar bangon ɗakinmu. Maƙwabcinmu ɗan Pakistan ya yi ta buga ƙofa.

Ya tafi gida, aka yi gasar, aka turo mini bidiyo. Na kalla a tsaye a sito a Al Warsan, tsakanin kwalaye. A tsakiyar ruwa babu mai kama shi. Amma da ya isa bango sai ya ɗan yi jinkiri kamar mai neman takalmi a ƙofar masallaci, yara su wuce. Ya kamo su, bango ya sake zuwa. Ina ta ihu, "Juya mana! Juya!" ga abin da ya riga ya faru tun jiya. Ba a ɗauke shi ba.

Ya dawo ya ce, "Haka Allah ya so, Yaya," bai sake tayar da maganar ba. Ya daina zuwa teku.

Wata rana na kai masa makulli wurin aiki. Na tsaya daga nesa, yana can sama a kujerarsa, ya yi ƙiba kaɗan. Wata tsohuwar Baturiya tana iyo a hankali, tana zuwa tana dawowa. Duk sanda ta taɓa bango, sai in ga ƙafafunsa biyu sun tokare ƙarfen kujerar. Bai ma san yana yi ba.