Goggo Azumi da Butar Tururi

Ƙarfe goma da minti ashirin na safiyar wata Alhamis na rufe wani ɗan littafi a shafi na shida, kuma daga nan komai ya fara lalacewa. Na san lokacin ne don na ɗaga kai na dubi agogon bango, kamar yadda nake yi duk sa'ad da na rasa abin cewa.

Ku da kuka san Goggo Azumi kun san kalmarta: "Juya min shi." Ko kwano aka wanke, ko tabarma aka kakkaɓe, ko doya aka kawo mata talla, ba ta duba gaban abu. Gaba na baƙi ne, in ji ta, baya take son gani. Ta taɓa sa wani ango ya juya a tsakar gida ta duba wuyan rigarsa kafin ta amsa gaisuwarsa. Ni ta riƙe tun ina shekara shida, bayan rasuwar babana wanda yake ƙaninta ne, don haka ba na jin akwai wanda ya kai ni juya abubuwa a duk faɗin Salaga. Malama Shiru take kirana, saboda littafi da rashin magana.

A safiyar nan ne saƙon ɗanta, Yaya Sani, ya iso daga Kumasi. Cikin kwalin akwai wata 'yar buta mai dogon hanci da wayar lantarki da maɓalli a mariƙi. Ana zuba mata ruwa kofi ɗaya, a jona ta a wuta, a jira minti uku, sai a danna ta feso tururi mai zafi da huci kamar kububuwa. Littafin bayaninta da Turanci yake, sai Goggo ta miƙo min. Na riƙa karantawa ina mayar mata da Hausa, tana gyaɗa kai, har na zo shafi na shida, inda aka jera abubuwan da ba a kusantar da ita gare su.

Na ce, "Sun ce kada a fesa wa fata, ko takarda, ko..."

"Wanda ya rubuta wannan ya taɓa shiga ɗakina?"

"A'a, Goggo."

"To rufe."

Na rufe.

A yi mata adalci, butar ta yi aiki. Shekara da shekaru muna fama da kuɗin cizo. An shanya katifu a rana, an zuba kananzir a ƙafar gado, an sayi garin magani har kala uku, suna nan. Goggo ta bi ɗinkin katifa da hancin butar, taƙi bayan taƙi, ta bi tsagun katakon gado, cikin mako biyu muka fara barci kamar mutane. Maiƙon da ya daskare a bayan tukwane tun zamanin mijinta ya narke ya gangaro, ta bi shi da tsumma. Labari ya zaga unguwa. Mata suka fara kawo katifu a ka, ita kuma ba ta karɓar komai sai abu ɗaya: mai katifa ta tsaya ta ga abin da zai fito.

"Duba, Lariba, duba da kyau. Da waɗannan kike kwana, kina zargin mijinki da motsi."

Wata rana hancin butar ya toshe da wani farin gishiri, na ce mata ruwan rijiya ne ya jawo. Tun daga ranar butar ba ta ƙara shan ruwan Salaga ba, garin da ko'ina ka juya rijiya ce. Ruwan sama take tara mata da damina, da rani kuma ta sayi ruwan leda ta ɓoye ƙarƙashin gado. Liman ya zo gaishe ta da tsakar rana, gumi ya jiƙa masa riga, ya hango leda ɗaya a kan tebur ya miƙa hannu.

"Wannan na buta ne, Malam. Naka yana randa."

"Hajiya, yanzu buta ta fi ni?"

"Kai ɗan gari ne. Ita baƙuwa ce."

Ya sha na randa. Ita ma na randar take sha.

Ranar da aka ɗauke wuta kuwa ba ta zuwa ko'ina. Sai ta cika butar, ta jona, ta zauna kusa da ita da carbi. Ta ƙi zuwa kamun amaryar maƙwabta saboda, in ji ta, amarya za ta kwana bakwai tana amarya, wuta kuwa ba ta sallama in za ta zo.

Waɗanda suka je sunan jikan Baffa Isyaku a Yendi ba su manta da hula ba. Baffa Isyaku ƙanin Goggo ne, mai shagon kayan babur, mutum mai ji da kansa. Goggo ta tafi da butar a cinya, naɗe cikin zani, ta hana yaran mota su ɗora ta a sama. Da safen suna ta tarar da hular Baffa a kan akwatin talabijin, doguwa, ta sha sitati tana tsaye ƙyam, an ajiye ta musamman don taro. Ta juya ta. Ta ga zoben gumi a ciki. Kafin Baffa ya fito daga wanka, hular ta kwanta a kan tebur kamar fanken da ya kwana.

"Yaya, me na yi miki?"

"Ka gode Allah, Isyaku. Ashe datti ne yake riƙe da ita a tsaye."

Da rawanin aro ya karɓi baƙi. Har yau in an ambaci tururi a gabansa sai ya dafe kai.

Na san kuna dariya. Ni ma na yi a lokacin, a bayan mayafi. Sai dai akwai labari ɗaya da ba ku sani ba, don mu biyu ne a ɗakin, kuma dukanmu ba mu baza shi a gari ba.

A ƙasan akwatin Goggo akwai gafakar kakanmu, tsohuwar jakar fata mai igiya. A cikinta akwai takardu uku na ajami, da tawadar gargajiya irin ta gawayi da ƙaro, wadda ake rubutu da ita a allo a wanke a sha. Biyu addu'o'i ne. A bayan ta uku akwai sunayen kakanninmu fatake masu goro, ɗa bayan uba, har zuwa garin da muka fito can ƙasar Hausa. Babu wani kwafi. Ban iya karanta wannan tsohon hannu ba a lokacin, amma na ƙirga, domin kowane suna an ɗiga masa jan ɗigo a gefe. Goma sha ɗaya ne. Goggo ta hana a ɗauke su hoto, ta ce ba za a saka ubanta cikin waya tare da 'yan rawa ba. Ni kuma da nake makarantar kwana a Yendi na samu wani tsohon malami yana koya min ajami duk Asabar. Na sayi littafi mai bangon kwali, na ja masa layuka goma sha ɗaya da rula. Da na so, da na zana haruffan yadda na gan su tun hutun farko, ko da ban gane su ba. Ban yi ba. Na ce sai na iya sosai, don kada in yi kuskuren ɗigo ɗaya.

Da hutun damina na dawo a shirye. Washegari da hantsi na ɗauko littafina da biro, na shiga ɗakinta. Na tarar da gafakar a buɗe, fumfuna ta yi mata fari saboda laima, takardun uku a jere a kan babban farantin silba, Goggo a sunkuye a kansu da buta. Tururi ya rufe mata tabarau. Ba ta ganin komai sai aikinta.

Na ce, "Goggo." Ko ni ban ji muryata ba.

Ba ta ɗago ba. Ta nuna takarda ta uku da hancin butar. "Yauwa, kin zo. Juya min shi."

Na juya mata.

Na sha tambayar kaina yadda aka yi. Bakina yana neman kalmomin shafi na shida, hannuna kuwa ya riga ya yi abin da ya saba tun ina shekara shida. Na ga jajayen ɗigon nan suna tsaye a layi, sai huci, sai suka fara kumbura suna gangarowa cikin baƙin, baƙin ya bi su.

Goggo ta ajiye butar, ta cire tabarau, ta goge da bakin zani, ta mayar. Ta daɗe tana kallon farantin. Takardu uku masu launin toka, da baƙin ruwa kwance a gefe.

"Akwai sunan Allah a ciki?"

"Akwai, Goggo."

"To ba ya zuba a ƙasa."

Ta ɗauke takardun da yatsu biyu, ta ɗauraye farantin da ɗan ruwan leda na butar, ta tsiyaye a kofi, ta yi bismilla, ta shanye. Ta yamutsa fuska.

"Kakannin nan namu ɗaci gare su," in ji ta.

Ban yi dariya ba, ban yi kuka ba. Na koma ɗaki na ajiye littafin. Daga ranar, shekara biyu cur, ba abin da ya haɗa ni da Goggo sai gaisuwa. Ina kwana, lafiya. Sannu da aiki, yauwa. Mutum mai shiru in ya ƙara shiru ba wanda yake lura, ita kaɗai ta sani. Ba ta ba ni haƙuri ba, kuma ba ta daina tururi ba. Abin da ya fi ƙona min rai, sai ta tsiri tafiya Bawku wajen yayarta Inna Mero, doguwar hanya, a lokacin da mutane ke taka-tsantsan da zuwa can saboda rikici, da butarta a cinya. In an tambaye ta sai ta ce katifar Yaya ce ta yi ƙwari. Na ce a raina matar nan ta wanke mu daga duniya, kuma damuwarta katifa.

Ta rasu da damina ta uku, bayan jinyar kwana tara. Ina Yendi ina jarrabawa. Na iso an riga an kai ta. A cikin abin da ta ce a ba ni har da butar, naɗe cikin zaninta.

Bayan arba'in na ɗauki littafina da takardun nan uku na fara yawo. Malamina na ajami ya haska takardun a rana, ya juya, ya girgiza kai. Liman ya ce ya san kakana da uban kakana, daga nan Allah ne masani. Baffa Isyaku ya kawo uku, na ukun ma yana kokwanto, ya ce me zan yi da matattu alhali ina da satifiket. Babu wanda ya san garin. Wani ya ce Kano, wani ya ce Katsina, wani ya ce ai duk ɗaya ne. Na gane cewa mu zuriya ce da ba ta taɓa haddace kanta ba, don mun dogara da cewa yana rubuce a akwatin Goggo.

Ƙarshe na hau mota zuwa Bawku. Inna Mero ta kusa casa'in, idonta ya tafi, tana zaune a kan wata katifa da ban taɓa ganin mai tsabtarta ba. Na durƙusa na gaishe ta, ta shafa fuskata.

"Ke ce Shirun Azumi? Kin makara. Sau huɗu tana zuwa saboda ke."

"Ta ce katifa ce, Inna."

"Katifa kam ta sha wuya. Sau huɗu tana dafa min ita, har na ce ko miya za a zuba. Amma da ta gama sai ta zauna a nan inda kike, ta ce Yaya tuna. Babanmu yana jero sunayen nan ranar Sallah bayan an sauko idi, ni ce babba, ni na fi ji. In na tuno ɗaya sai ta yi ta maimaitawa har cikin mota, tunda ba ta iya rubutu ba. Mun kai bakwai muka tsaya. Na ce je ki kai wa yarinya. Ta ce a'a, yarinyar nan ta ƙirga. In na kai mata bakwai za ta juya shi ta ga babu huɗu."

Ta fara jero su a hankali, da wata 'yar murya kamar ta mai rera karatu, ni kuma ina cika layukan da na ja shekara uku da suka wuce. Layi na biyar ya karkace, na bar shi a haka.

Allah ya jiƙan Goggo Azumi. Allah ya yafe mata abin da ta yi da kyakkyawar niyya, ni ma ya yafe min shekara biyun da na hana ta bakina. Allah ya haskaka kabarinta, ya tsabtace mata shi gaba da baya.

Da Inna ta kai na bakwai ta tsaya, na dubi layuka huɗun da suka rage fari fat a ƙasan shafi. Na tambaye ta ko akwai wani, a ko'ina, da zan iya zuwa wurinsa.

Ta lalubo hannuna ta riƙe. "Babu, 'yata. Huɗun nan Azumi ta shanye su, suna tare da ita a maƙabartar Salaga. Ki riƙe bakwai ɗinki. Da me kika rubuta?"

"Da biro, Inna."

"To madalla. Yanzu rufe littafin, ki faɗa min su da baki."