Yadda Na Zama Ɓarauniyar Ruwa a Jidda

Zahir, kafin asuba

Ba a ma kira sallar farko ba Ruwaida ta ƙwanƙwasa mini ƙofa, da akwatin kwali rungume a ƙirjinta kamar jariri. Ruwaida 'yar yayana ce, Yaya Salisu mai shagon darduma a Aziziyya. Gida ɗaya muke a Zahir, su a sama, ni a ƙasa. Kakanmu ne ya zo daga Kano ya zauna, mu duk a nan Makka aka yanke mana cibiya. Ni sana'ata girkin alhazai ce a Arfa, in Hajji ya wuce kuwa ba ni da aikin da ya wuce shan shayi da sauraron labarin maƙwabta.

"Goggo, yalla, ka tashi," in ji ta. Hausar Ruwaida ke nan, mace da namiji duk "ka" ne a wajenta, mun gaji da gyara mun haƙura.

Abin da ke cikin akwatin wasa ne da ta ƙirƙira da hannunta, shekara biyu tana yanka kwali tana zane. A Jidda ana wani babban taro na masu son labaran sararin samaniya da mutanen ƙarfe da yadda duniya za ta koma nan gaba. A gefe guda na zauren ana buga wasannin tebur, kuma an ce duk mai sabon wasa ya kawo, alƙalai za su zaga su gani, waɗanda suka yi armashi a buga su a sa a kasuwa. Ƙawayenta biyu ne za su raka ta, ɗaya ta haihu ranar Laraba, ɗaya ta yi baƙi daga Madina. Sai aka tuna da ni.

"Ba abin da za ka yi," ta ce. "Kujera kawai za ka cika."

Na ce in dai cika kujera ne, Allah ya hore mini jikin.

Hanyar Jidda

Muna idar da sallah Yaya ya fito da mota yana ƙunƙuni, wai an sa shi barin shago a hannun yara saboda kwali. Ya ce zai sauke mu ne kawai ya wuce kasuwar kifi wajen wani abokinsa. Muka bar unguwa gari bai gama wayewa ba, muka hau babban titi, muka wuce ta ƙarƙashin ƙofar nan mai siffar Alƙur'ani a buɗe.

A mota Ruwaida ta koya mini wasan. Mutum biyar ne a cikin jirgi, za su wata duniya mai nisa, ruwan shansu a tanki ɗaya. Kowane zagaye kowa zai sa kati ɗaya a kife, a gauraya, a buɗe. Masu gaskiya suna sa katin ruwa. Amma ɗaya daga cikin biyar ɗin ɓarawo ne a ɓoye, shi yana sa katin huda, tankin ya zube. Bayan kowane zagaye sai a yi gardama, a zaɓi wanda ake zargi a kulle shi a ɗaki. In aka kama ɓarawon jirgi ya isa, in ruwa ya ƙare ɓarawo ya ci.

Na ce, "Wannan ai gidanmu ne. Ranar da tankin sama ya bushe kafin motar ruwa ta zo, kowa yana kallon wankin maƙwabcinsa."

"Daga nan na ɗauko," in ji ta, tana dariya.

Ta zaro wata hula da ta yi mini, mai walƙiya kamar murfin tukunya, da ƙahoni biyu na waya. Na ɗora a kan mayafina don gwaji, hira ta ɗauke ni na manta da ita. Haka muka isa shingen Shumaisi. Jami'in ya leƙo, ya gaishe da Yaya, ya dubi katinmu, sai idonsa ya tsaya a kaina.

"Ina zuwa, ya Hajji?"

"Jidda," in ji Yaya.

"Jidda kawai?" Ya sake kallon ƙahonin. "Na ɗauka duniyar wata za ku kai Hala. Allah ya kiyaye hanya." Ni ce Halar, haka ake ce wa inna a nan.

Sai da muka yi nisa Yaya ya ce, "Mairo, don Allah cire abin nan." Ni kuwa dariya ta hana ni ɗaga hannu.

Jidda, da safe

Tafiyar ba ta wuce sa'a guda ba. Muka tsaya a wani shagon ful, wato dafaffen wake, muka ci da gurasar tamis mai zafi, muka kora da shayin Adani. Ruwaida ko loma uku ba ta yi ba. Iskar teku ta buge mu, mai danshi, tana manne wa mutum tufa a jiki.

Zauren taron ya fi filin ajiye motocin Aziziyya girma. Ina shiga na riƙe hannun Ruwaida. Ga wani dogo cikin rigar kwali mai launin ƙarfe, idanunsa fitila ja. Ga wata yarinya ta shafe fuskarta kore shar, da kunnuwa masu tsini a kan ɗankwali. Ga wani dattijo mai furfura da alkyabba baƙa yana ɗauke da takobi mai haske, jikansa yana biye da shi yana jin kunya. Na ce wa Ruwaida ta miƙo mini hulata, a nan wanda ba shi da ƙaho shi ne baƙo.

Teburinmu kuwa can ƙurya aka ba mu, dab da ƙofar da ake bi zuwa wajen alwala. Na kusa da mu wasu samari ne da jiragen roba masu fitilu, wayarsu tana fitar da ƙarar yaƙi. Mutane suka yi musu cincirindo. Namu kwali ne da tanki shuɗi da aka zana da hannu. Mutum zai zo, ya ɗaga kati, ya ce masha Allah, ya wuce. Ruwaida ta jera katunan, ta kwashe, ta sake jerawa. Da hantsi ya yi sosai na ga alƙalan daga nesa, su uku da riguna kore marasa hannu, suna bin tebur tebur.

"Goggo," ta ce a hankali, "in suka zo babu kowa, halas. Ba za su tsaya ba."

Na zuba mata shayi daga fulas ɗina.

Bayan azahar

Da aka kira sallah na ga abin da ban taɓa gani ba. Mutanen ƙarfe suna cire kawunansu suna jerawa a bakin ƙofa tare da takalma. Mai koren fuska tana tsaye a gaban famfo tana shawara da kanta, ƙarshe ta wanke, ta bar kore a wuya da kunne. Muka yi sallah sahu ɗaya da ita.

Ana sallamewa na lura duk wanda ya fito dole ta gaban teburinmu zai bi. Ni da na saba tara alhazai dubu a layin shinkafa, na miƙe na gyara ƙahonina.

"Ya waladi, kai mai kan ƙarfe, zo nan. An sace mana ruwa, muna neman shaida."

Ya tsaya da kan ƙarfensa a hammata. Faisal sunansa, daga Ɗa'ifa. Mai koren kunne ma ta zo, ashe likitar haƙori ce, Duktura Hana. Daidai nan alƙalan suka iso, ɗaya daga cikinsu, wani mai ƙiba da gilashi, ya ja kujera ya ce zai gwada zagaye ɗaya. Mun zama huɗu, saura ɗaya. Ruwaida ba za ta buga ba, ita ce mai bayani. Na waiga, sai ga Yaya Salisu yana kutsowa cikin jama'a da ledar abincin rana, yana kauce wa takubba.

"Baba," in ji Ruwaida. Iyakar abin da ta faɗa ke nan.

Ya dube ta, ya dubi kujerar, ya ajiye ledar ya zauna. "Zagaye ɗaya," ya ce.

Aka raba katin sirri. Na ɗaga nawa kaɗan na leƙa. Hoton hannu ne riƙe da ƙusa. Ni ce ɓarauniyar.

Ni Mairo, da alwalata, in zauna ina ƙarya? Nan take na yanke wa kaina cewa ba zan faɗi abin da ba haka ba ko sau ɗaya. Tambaya kawai zan riƙa yi.

Zagayen farko aka buɗe katuna, ga huda. Ruwaida ta ja alamar ruwa ƙasa. Kowa ya dubi kowa.

Na ce, "Ni dai tambaya nake. Mutumin da ya mayar da kansa cikin kwali tun da muka fara, me yake ɓoyewa?"

Faisal ya cire kan da sauri yana rantsuwa, wai sanyin na'ura ne ya dame shi. Saurin nan shi ya kashe shi. Aka kulle shi.

Zagaye na biyu, huda kuma. Duktura Hana ta ƙura mini ido. "Hala, ke ce kika fara nuna Faisal."

Kafin in buɗe baki Yaya ya buga tebur. "Wannan ƙanwata ce. Tun tana rarrafe na san ta. In ta ɓoye abu hancinta ke gumi. Ku bar ta."

Wallahi a lokacin hancina jiƙe yake, amma shi alƙali yake harara. Na sunkuyar da kai kamar wadda aka zalunta. Aka kulle alƙali, yana ta cewa ai wannan ba adalci ba ne, abokan aikinsa biyu suna tsaye a bayansa suna dariya.

Zuwa yanzu mutane sun taru a kanmu, har samarin jiragen roba sun leƙo. Saura ni da Yaya da Duktura, ruwa ya kusa ƙasa, jirgi ya kusa isa. Aka buɗe, huda.

Na juya na dubi Yaya da murya mai rauni. "Yaya, ni ban ce komai ba. Amma mutumin da ya ce ba ya son wasan nan, me ya sa ya fi kowa zaƙewa?"

Bakinsa ya buɗe bai rufe ba. "Mairo, ni?"

Duktura ta ɗaga hannu, ni ma na ɗaga. Aka kulle Yaya. Zagaye na gaba tanki ya bushe, jirgi ya tsaya saura taki ɗaya. Ruwaida ta ce ɓarawo ya nuna kansa. Na juya katina a hankali na ajiye.

Wajen ya kaure. Faisal ya faɗi daga kujera, rigar kwalinsa ta yage a gwiwa. Duktura ta rufe fuska tana bubbuga ƙafa. Alƙali ya cire gilashi yana share hawaye, ya ce a sake rabawa, kuma a wannan karon a fara kulle Hala kafin a taɓa kati. Yaya kuwa ya zauna yana kallona kamar yau ya fara ganina.

"Ƙarya ɗaya ban yi ba," na ce masa.

"Na sani," ya ce. "Shi ne abin tsoron."

Daga nan tebur bai sake zama babu kowa ba. Aka yi layi. Muryar Ruwaida ta dushe da bayani. Abincin da Yaya ya kawo ya huce a leda, shi da ya ce zagaye ɗaya sai da aka roƙe shi ya ba wasu kujera. Ni ma na zaga na buga na wasu. Na gina gari a duniyar wata, aka rushe shi. Na sayar da man jirgi ga wani yaro ɗan Riyad ya cuce ni. Na sayi shayi kofi ɗaya riyal goma sha biyar, wanda har yanzu ban yafe ba.

Kafin magariba aka kira sunaye. Samarin jiragen roba ne na ɗaya, kuma sun cancanta. Aka kira na biyu, ba mu ba. Ruwaida ta fara kwashe katuna tana murmushin da ba na gaskiya ba. Sai muka ji sunanta a na uku, cikin waɗanda za a buga, da sharaɗin ta rage tsawon bayanin dokoki. Ta tsaya da katuna a hannu ba ta motsa ba, sai da ubanta ya ce, "Je ki mana, ke ake kira."

Hindawiyya

Mun kwana a gidan 'yar ƙanwar mahaifiyarmu, Hajiya Talatu, a unguwar Hindawiyya a nan Jidda. Ta yi mana shinkafar sayadiyya da soyayyen kifi. Na ba ta labari sau biyu, a na biyun Yaya ya ɗauki faranti ya koma tsakar gida.

Komawa Makka

Da hantsi muka kamo hanya. Ruwaida ta yi barci a baya da akwatin a cinyarta. Duwatsun Makka suka fara bayyana, zafi ya canza daga mai danshi zuwa namu busasshe. Da muka shigo Zahir, Yaya ya tsayar da mota a ƙofar gida, ya fita ya karɓi akwatin daga hannun 'yarsa. Shi da gwiwa ke damunsa, da kansa ya hau da shi bene.

Ina buɗe ƙofata na ji shi daga sama, yana magana ƙasa ƙasa, ya manta bene yana kawo murya.

"Ranar Alhamis abokaina na karta za su zo. Ki fito mana da wannan. Amma kada ki gaya wa goggonki."

Na gode wa Allah da ya kai mu lafiya ya dawo da mu lafiya. Na gode wa Hajiya Talatu da kifinta, da Duktura Hana da ta yarda da ni a lokacin da bai kamata ba, da Faisal, Allah ya mayar masa da kwalinsa. Ranar Alhamis kuwa tun la'asar na soya sambusa tire guda, na hau da ita sama, na ja kujera na zauna.